Anemone nemorosa: Furen da ke shaida tsufan dazuzzukan Turai

Anemone nemorosa wani ƙaramin tsiro ne mai farin fure da ke fitowa a ƙarƙashin itatuwan dazuzzukan Turai, tun daga Birtaniya da Faransa har zuwa Jamus da Suwidin da yammacin Rasha. Masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1753. Kalmar farko tana da alaƙa da kalmar da ke nufin iska a harshen Girka, ta biyu kuma daga Latin take, tana nufin abin da ke zaune a kurmi. Wasu masanan zamani na kiransa Anemonoides nemorosa.

Tsiron na cikin dangin Ranunculaceae mai nau'o'i sama da 2,000. Akwai ɗan wannan dangi da aka sani a kasuwannin ƙasar Hausa, wato habbatus sauda, wadda masana ke kira Nigella sativa. Sai dai zama dangi ɗaya bai sa amfaninsu ya zama ɗaya ba, domin wannan furen yana da guba.

Siffarsa

Tsayinsa bai cika wuce santimita 25 ba. Kowane kara yakan ɗauki fure ɗaya mai faɗin kimanin santimita 2, da fuka-fukai shida ko bakwai, wani lokaci fiye da haka. Fari ne, amma bayansa kan yi ɗan ja-ja ko shunayya. A ƙasan furen akwai ganye uku masu tsage-tsage da ke kewaye karan. Idan rana ta fito furen yakan buɗe, da dare ko lokacin ruwan sama kuma sai ya rufe ya sunkuya, abin da ke kare garin haihuwarsa daga jiƙewa. Ƙudan zuma da wasu ƙananan ƙudaje ne ke ziyartarsa.

Gajeren lokacin fitowarsa

Yana fure daga watan Maris zuwa Mayu, bayan sanyin hunturu ya ja baya. A wannan lokaci manyan itatuwan dajin ba su riga sun sake yin ganye ba, don haka hasken rana yana kaiwa ƙasa. Tsiron yakan yi amfani da waɗannan 'yan makonni ya yi fure, ya kuma tara abinci a saiwarsa. Da zarar itatuwa sun yi ganye inuwa ta rufe daji, sai ganyensa ya bushe ya ɓace. Sauran watannin shekara a ƙarƙashin ƙasa yake yin su.

Dalilin da ya sa masana ke kula da shi

Mafi yawan yaɗuwarsa ta saiwa ce, wadda ke tafiya a kwance cikin ƙasa tana fitar da sababbin karare. Tafiyar ba ta wuce 'yan santimitoci a shekara. A Birtaniya ba kasafai yake yaɗuwa ta iri ba. Saboda haka, duk inda aka ga ya shimfiɗu ya rufe ƙasan daji, alama ce cewa an daɗe ƙwarai ba a nome wurin ba.

Wannan ne ya sa ake lissafa shi cikin tsirran da ke nuna tsohon daji. A Ingila, tsohon daji shi ne wanda ke nan ba yankewa tun shekarar 1600, a Skotlan kuma tun 1750. Irin waɗannan dazuzzuka kimanin kashi 2.5 cikin ɗari kacal suka rage na faɗin ƙasar Birtaniya. Idan aka share ɗaya domin hanya ko gine-gine, ana iya dasa sababbin itatuwa a wani wuri, amma tsirran ƙasa irin wannan sukan ɗauki shekaru masu yawan gaske kafin su isa sabon dajin. Ganinsa a gefen gona ko bakin hanya kan nuna cewa a da akwai daji a wurin.

Gubarsa

Dukkan sassan tsiron suna da guba idan yana ɗanye. In aka murje shi ko aka tauna, yakan saki wani sinadari mai suna protoanemonin, wanda ke sa fata ta yi ja ko ta yi bororo. Cinsa kuma na jawo zafin baki, amai da gudawa, ga mutum da dabba. Idan tsiron ya bushe sinadarin yakan rikiɗe ya rage ƙarfi, duk da haka ba a ɗaukarsa a matsayin abin ci.

Matsayinsa a al'ada

A Finlan shi ne furen lardin Uusimaa, inda babban birni Helsinki yake. Lokacin fitowarsa ya dace da ranar iyaye mata, wadda ake yi a Lahadi ta biyu ta watan Mayu, don haka yara kan tsinko shi su kai wa iyayensu mata. A Ingila kuma an zaɓe shi furen gundumar Middlesex. Masu lambu a Turai da Amurka suna shuka wasu nau'o'insa masu shuɗin fure a ƙarƙashin itatuwa, inda ƙasa ke da laima da ruɓaɓɓen ganye.