Kududdufin Bayan Gidanmu

Ina ɗan shekara bakwai kakana, wanda magini ne a Birnin Zinder, ya kama hannuna muka zaga bayan gida. Ya nuna mini kududdufin da muke kamun kwaɗi a cikinsa da damina, ya ce, "Ɗan nan, zauren da kake kwana daga nan ya fito." Sai da na girma na fahimci zancen. Duk gidan ƙasa da ke Birni yana da raminsa a wani wuri. Nan aka haƙo ƙasar, aka kwaɓa ta da ciyawa, aka mulmula tubali, aka shanya. Gini na tashi sama, rami na ƙara zurfi.

Tun farkon ƙarni na 19, da Sarki Sulaimanu ya mai da Zinder mazaunin sarautar Damagaram, garin yake cin ƙasa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka tayar da ganuwar da ta kewaye Birni, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gindin ɓurɓushinta ya san ba ƙaramin rami aka bari ba a inda aka ɗebo ta. Ga fada, ga masallaci, ga soraye na attajiran unguwar Zango irin su Malam Yaro, masu fatauci har Turabulus.

Ramin bai zama asara ba, domin Zinder a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun nan da suke leƙo kai tsakanin gidaje suna nan shimfiɗe a ƙarƙashinmu, shi ya sa rijiya take wahalar ba da ruwa, ruwan sama kuma na wata uku ne ko huɗu. Abin da kududdufi ya tara da damina, da shi ake kwaɓa ƙasa da kaka, da shi ake wanki, a nan jakuna da awaki suke sha, a bar ruwan rijiya don tukunya da alwala.

Wa ke da ikon cike shi? Na yi wa kakana wannan tambaya bayan na fara karatun lakwal, sai ya dube ni kamar na ce wa ke da ikon toshe hanyar masallaci. A yadda ya taso ya tarar, ƙasa ta Sarki ce, mai unguwa ne idonsa, kuma wanda yake son ya ci wani gefe na rami ya ƙara ɗaki sai ya fara da maƙwabtan da ruwan indararonsu yake gangarawa can. In sun yarda, a kira magini ya duba, a je gaban mai unguwa. Ba a rubuta komai. Amma tambayar farko kullum ɗaya ce: in ka cike, ina ruwan zai bi? Wanda ba shi da amsa, ya haƙura.

Takardar fili da Faransawa ta zo. Sun ci Zinder a 1899, shekara guda bayan kashe hafsansu Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1904 suka yi dokar da ta sa tafkuna da magudanan ruwa na dukan yankunansu na Afirka ta Yamma cikin dukiyar gwamnati, haka ma filayen da suka ce ba su da mai su. Likitocinsu kuwa sauro kawai suke hange a ruwan da ya kwanta. Daga 1911 Zinder ce babban birnin ƙasar, har 1926 da aka mai da shi Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Wannan ciwo har yau ba mu warke ba. An jawo ruwa daga Gogo da Machaya, daga Arungusa, daga baya Ganaram, amma har yanzu da bazara sai ka ga jarkoki jere a bakin pampo tun kafin asuba.

Pampo ya karɓe wa kududdufi aiki ɗaya, siminti ya karɓe na biyu. Sai mutane suka ɗauka ya gama amfani, suka manta da na uku, wato shanye ruwan da ya sauko daga kan duwatsu a daren da aka kwana ana tafka sama.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa ko wane rami. Namu a ƙarshensa juji ya zama, leda da mushe da wari, kuma ina tuna ranar da aka tsamo wani yaro ɗan unguwarmu daga ciki, uwarsa na birgima a ƙasa. Amma cikewa aiki ne mai ƙa'ida, kakana ya sha faɗa. A kwashe laka da shara tukuna, a zuba burji kaɗan-kaɗan ana dandaɓewa, a buɗe wa ruwa lambatu kafin a rufe masa mazauni, sannan a bar wurin ya sha damina biyu ya zauna. Wanda ya aza harsashi a kan shara, ba da jimawa ba zai ga bango ya tsage daga ƙofa zuwa taga.

Dokoki kam akwai su yanzu. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, dokar ruwa ta 2010 ta sake jaddada cewa tafkuna na jama'a ne, kuma mai son gini a gari sai ya nemi izini daga ma'aikatar magajin gari ya nuna takardar filinsa. Abin da ke damuna shi ne takarda ta fi ƙwarewa wajen faɗin mai fili da iyakarsa. Ƙaramin rami na cikin lungu, wanda ba shi da suna a taswira, sau da yawa sai a wayi gari ya koma fili kawai.

Haka namu ya tafi. Wani mutum ya zo da takardunsa, ya yi ta turo amalanke da ɓaraguzai har rani biyu, ya kewaye da bulo. Babu maƙwabcin da aka tuntuɓa. Kakana ya riga ya rasu, mu kuma da muka je wurin mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya ce, "Malam, ni saye na yi."

A daminar 2024, wadda ruwanta ya kayar da tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, bayan ya haura shekara 170 a tsaye, ruwan lungunmu ya gangaro inda ya saba, ya tarar da katanga, ya juyo. Ya kwana biyu a gindin zaurenmu. A rana ta uku bangon gabas ya zauna. Da kaka ta yi muka tashi gyara, sai da muka sayi ƙasa amalanke goma sha huɗu daga bayan gari, ruwan kwaɓi kuma muka saya wurin ƴan ga-ruwa.