Ɗawisun Baldwin da Dokar Hana Ba Su Hatsi

A nan gidanmu ɗawisu tsuntsun fada ne da gidajen masu hannu da shuni, shi ya sa muke yi masa kallon ado kawai. A garin Arcadia da ke jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, ya fi shekara ɗari yana yawo a unguwanni ba mai shi, har ya raba kan maƙwabta.

Asalin maganar wani attajiri ne, Elias Baldwin, wanda ake wa laƙabi da Lucky saboda sa'ar da ya yi a hannun jarin ma'adinan azurfa na Nevada. A 1875 ya sayi makekiyar gonar Santa Anita, wajen 1880 kuma ya shigo da 'yan ɗawisu daga Indiya ya sake su a cikinta. Shi ne ya zama magajin garin Arcadia na farko a 1903, ya rasu a 1909. Daga baya aka yayyanka gonar filaye, aka gina gidaje. Ragowar da ke kewaye da gidansa hukuma ta saya a 1947 ta mayar da ita lambun itatuwa na gundumar Los Angeles. Tsuntsayen dai ba su san katanga ba. Suka ci gaba da hayayyafa suna tsallakawa. Yau hoton ɗawisu ne tambarin garin.

Wanda bai kwana kusa da su ba ba zai gane ƙorafin ba. A lokacin barbara namijin kan kwarma ihu tun kafin asuba, kamar mutum na neman ceto. Suna hawa rufin gida, su tone shuka, su cika ƙofa da kashi. In namiji ya ga inuwarsa a jikin baƙar mota sai ya ɗauka abokin gaba ne, ya yi ta sara har fenti ya kware.

Inda tarihin ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne wajen doka. Dokar tarayya ta 1918 mai kare tsuntsaye masu ƙaura ba ta shafi ɗawisu ba, domin baƙo ne. Shi ba naman dajin ƙasar ba, shi ba na gida mai ubangida ba. Amma dokar jihar ta hana zaluntar dabbobi tana nan, don haka wanda ya sa musu guba zai amsa tambaya. Mafita ɗaya ita ce a kama su a kai gonaki, sai ga annobar cutar kaji ta Newcastle daga 2018 zuwa 2020 ta sa aka taƙaita jigilar tsuntsaye a yankin, adadinsu ya ƙaru.

A 2021 majalisar gundumar ta juya kan mutane. Ta haramta ciyar da ɗawisu a unguwannin da ke ƙarƙashinta kai tsaye, da tarar da za ta iya kaiwa dala 1,000 ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6. A ganinmu an gano bakin zaren, ko da yake a makare: hatsin da maƙwabci ɗaya ke watsawa don sha'awa shi ke tara garken da ke hana ɗayan barci. Sai dai dokar ba ta rage ko tsuntsu ɗaya ba ranar da aka zartar da ita, kuma mai kai ƙara da wanda za a kai, katanga ɗaya ce tsakaninsu.