Tarihin Bordo, ga mai jiran sabon maigida ya sayo masa ƴan wasa



Da an shiga watan Yuni, gasar Turai ta ƙare, gidajen kallon balo sun yi tsit, sai hira ta koma fada wajen shayi. Turawa suna kiran lokacin bazara, mu kuwa a nan damina ce, ana ta shuka da noman farko. Lokacin merkato ke nan, kowa da waya a hannu: wa za a saya, wa za a sayar, wane ne ya ƙi sa hannu. In kuwa ƙungiyar mutum ta yi sabon maigida, to gardamar ta ninka. Wani na murna wai kuɗi sun zo, wani na cewa ku dai bari mu gani. Mu ma muna cikin masu wannan gardama, kuma kusan kullum tambayarmu guda ce: zai sayo mana ƴan wasa? Akwai wadda ba mu cika yi ba. Kuɗin da ya sayi ƙungiyar da su, na aljihunsa ne ko rance ne? In rance ne, a wuyan wa aka rataya shi?

Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin Bordo, wato Girondins de Bordeaux ta ƙasar Faransa. Yaran yanzu ba su san ta ba, don sun buɗe ido da PSG. Amma manya suna tune da 2010, lokacin da ɗanmu Musa Ma'azu, wanda ya tashi daga ASFAN ta Yamai ya bi ta Lokeren ta Beljiyam, ya je can aro daga CSKA ta Mosko. Bai daɗe ba, wata kaɗan ya yi ya koma Monako a farkon 2011. Duk da haka, ganin ɗan Nijar sanye da rigar nan mai ruwan bula mai duhu da farin zane a ƙirji ya sa da yawanmu muka riƙa bin wasanninta a Canal+.

Bordo ta ɗauki kofin gasar Faransa sau shida: 1950, 1984, 1985, 1987, 1999 da 2009. Uku na tsakiyar nan aikin mutum biyu ne, shugaban ƙungiya Claude Bez da mai horarwa Aimé Jacquet, wanda daga baya ya ci wa Faransa kofin duniya a 1998. Bez ya karɓi ƙungiyar a 1978, akanta ne, kuma bai san a ce masa babu kuɗi ba. Ya tara Giresse da Tigana da Trésor da Lacombe, a 1985 suka kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai, Juventus ta fitar da su da ƙyar. Da Bernard Tapie ya karɓi Marseille a 1986 sai abin ya zama gasar zuba kuɗi tsakanin mutum biyu da ba sa ga-maciji. Ƴan kallo sun ji daɗi, ba shakka. Sai dai a 1991 lissafi ya fito, bashi ya kai ɗaruruwan miliyoyin faran. A fili Bordo ta ƙare a tsakiyar tebur, amma aka tura ta rukuni na biyu saboda bashin. A daidai wannan zamani ne Faransa ta kafa DNCG, hukumar da ke duba littafin kuɗin kowace ƙungiya kafin a bar ta ta shiga gasa. Ku riƙe sunan nan, za mu sake haɗuwa da shi.

Wancan karon an yi sa'a. Shekara guda suka yi a ƙasa suka hau, kuma a 1992 ɗin suka ɗauko wani yaro daga Cannes mai suna Zinedine Zidane. Shi da Lizarazu da Dugarry ne suka yi abin da har yau tsofaffin Bordo ke ba jikoki labari: a watan Maris na 1996 AC Milan ta ci su 2 da nema a Italiya, suka dawo gida suka zura mata 3 ba ko ɗaya, Milan ɗin Baresi da Maldini da George Weah. Sun kai wasan ƙarshe na kofin UEFA, Bayern ta doke su, kuma a wannan merkaton Zidane ya tafi Juventus.

A 1999 gidan talabijin na M6 ya sayi ƙungiyar, ya riƙe ta shekara goma sha tara. A nan ne ya kamata mu ɗan tsaya, don abin da magoya baya suka riƙa faɗa a kan M6 shi ne abin da muke faɗa a fada a kan masu ƙungiyoyinmu: marowata ne, ba sa saye, ba su da buri. Akwai gaskiya a ciki. Bayan kofin 2009, wanda Laurent Blanc ya ɗauka da su Gourcuff da Chamakh da Alou Diarra, suka karya mulkin Lyon na shekara bakwai a jere, sai merkaton 2010 ya watsa komai. Blanc ya tafi horar da Faransa, Chamakh ya tafi Arsenal kyauta don kwantiraginsa ta ƙare, Gourcuff ya koma Lyon a kan Yuro miliyan 22. A cikin wannan giɓin ne Ma'azunmu ya sauka, ƙarƙashin Jean Tigana, a ƙungiyar da kowa ke jin haushi yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Daga nan sai kofin Faransa na 2013 kaɗai, wanda Cheick Diabaté ɗan Mali ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe.

To amma M6 na da hali guda da ba a cika yaba mata a kai ba sai da ta tafi. Duk ƙarshen shekara in lissafi ya nuna giɓi, ita ke cike shi daga aljihunta. Ba ta yi alƙawarin sama da ƙasa ba, amma albashi na fita, DNCG ba ta da ta cewa.

A watan Nuwamba na 2018 M6 ta sayar wa wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna GACP, ƙarƙashin Joseph DaGrosa, a kan wajen Yuro miliyan 100. In kun juya shi zuwa kuɗinmu ya haura miliyar 65 na sefa. An yi ta maganar mayar da ƙungiyar cikin manyan Turai. Abin da ke ƙarƙashin tabarma shi ne, mafi yawan kuɗin ba na GACP ba ne. Wani kamfanin, King Street, shi ya zuba kaso mafi tsoka, sauran kuma rance ne daga wani na uku, Fortress. Ka ga mutum ya zo sayen gida da kuɗin wani, ya kuma jinginar da gidan tun bai kwana a ciki ba. Shekara guda kacal aka yi, a Disamba 2019 King Street ta sallami GACP ta riƙe ƙungiyar ita kaɗai, alhali sana'arta juya kuɗi da bashi ce, ba ta taɓa cewa ta san balo ba.

Yanzu ku dubi merkato na wannan zamani. A Yulin 2019 aka sayar da Jules Koundé ga Sevilla a kan wajen Yuro miliyan 25. A Janairun 2020 aka sayar da Aurélien Tchouaméni ga Monako a kan abin da bai wuce miliyan 20 ba. Dukansu biyu makarantar Bordo ce ta raine su tun suna yara. A 2022 Real Madrid ta biya Monako miliyan 80 a kan Tchouaméni, Barcelona kuma ta ɗauki Koundé, su biyun suka buga wasan ƙarshe na kofin duniya a Katar a wannan shekarar. Sayar da yaro ba laifi ba ne, duk ƙungiyoyin Faransa da haka suke rayuwa in ka cire PSG. Laifin shi ne ka sayar da gero tun yana gona don mai bashi na bakin ƙofa, ka kuma ɗauki kuɗin ka ɗebo ƴan wasa masu albashi mai nauyi da ba wanda zai saye su gobe. Kan a ankara an ma taɓa tambarin ƙungiyar a 2020, aka juya sunan ya koma Bordeaux Girondins wai don ya fi shiga kasuwar waje. Ƴan Ultramarines, manyan magoya bayan da ke cika bayan raga tun 1987, suka shiga zanga-zanga da shugabannin.

Sai masifa biyu suka faɗo tare. Korona ta tsayar da gasar Faransa a 2020, aka rufe filaye. Kamfanin Mediapro kuma, wanda ya yi alƙawarin biyan sama da Yuro miliyan 800 a shekara don nuna wasanni, ya kasa biya, yarjejeniyar ta rushe a ƙarshen shekarar. Wannan ya taɓa kowa a Faransa, kada mu ɗora wa Amurkawa abin da ba nasu ba. Bambancin shi ne, mai ƙungiya da ya ɗauke ta tasa yakan cije ya biya. King Street kuwa a watan Afrilun 2021 ta fito ta ce ba za ta ƙara zuba ko sisi ba. Ga kuma haya, don sabon filin da aka buɗe a 2015 mai ɗaukar mutum dubu 42 ba na ƙungiyar ba ne, a lokacin miliyoyi take biya duk shekara ko ya cika ko bai cika ba.

Wanda ya zo ceto a Yulin 2021 shi ne Gérard Lopez. Magoya baya da yawa sun yi masa maraba, har da Ultramarines ɗin, kuma ba mu ga laifinsu ba, wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma tarihinsa a fili yake. Wata bakwai kafin nan masu bin bashi suka raba shi da Lille. Ƙungiyarsa ta Beljiyam, Mouscron, ta karye a 2022. A merkatonsa na farko an ɗebo ƴan wasa da yawa, wasu aro, wasu kyauta, aka kawo Vladimir Petković wanda ya fitar da Faransa a gasar Turai da ƙungiyar Suwizalan. A takarda abin ya yi kyau. A fili kuwa an zura musu ƙwallo 91 a wasa 38, suka ƙare na ƙarshe, suka faɗa rukuni na biyu a 2022.

Saura ƙiris su dawo a shekarar da ta biyo. Ranar 2 ga Yunin 2023, wasan ƙarshe da Rodez a gida, fili cike maƙil, Rodez ta ci ƙwallo, wani mai goyon baya ya tsallako ya ture wanda ya ci ta. Alƙali ya tsayar da wasa, aka ba Rodez nasara a tebur, Metz ta hau.

Sauran labarin gajere ne. A Yulin 2024 an yi ciniki da Fenway, masu Liverpool, suka duba littattafai da kuɗin haya suka janye. DNCG ta tura Bordo rukuni na uku. Kafin watan ya ƙare ƙungiyar da kanta ta ajiye matsayinta na ƙwararru, wanda take riƙe da shi tun 1937. Kwantiragin ƴan wasa duka ta warware, kowa ya tafi kyauta, makarantar da ta raini Koundé da Tchouaméni aka rufe ta, ma'aikata da dama suka rasa aiki. A farkon Agusta aka ƙara tura ta National 2, rukuni na huɗu.

Wani zai ce wannan Faransa ce, mu Ingila muke kallo. To ƴan Manchester United na fada sun san zancen. A 2005 iyalan Glazer suka saye ta a kan wajen Fam miliyan 790, mafi yawa rance, suka ɗora bashin a kan ƙungiyar da kafin nan ba ta da shi. Girmanta ne ya sa ta ɗauki kayan ba ta durƙusa ba, amma shekara da shekaru tana biyan ruwa, rufin Old Trafford na yoyo. Ƴan Chelsea kuwa nasu ciwon daban ne. Abramovich ya zo a 2003 da kuɗin aljihunsa, kofuna suka biyo baya, shi ya sa muka ɗauka duk sabon maigida haka yake. Todd Boehly da Clearlake sun karɓa a Mayun 2022, cikin merkato uku suka kashe sama da Fam biliyan 1, kakarsu ta farko suka ƙare na 12. A ganinmu wannan da sauƙi, ɓarnar kuɗin da ke akwai ce, kuma an ga sun farfaɗo. Na Bordo kuɗin ne tun farko babu.

A watan Satumbar 2024 Andy Carroll, wanda Liverpool ta taɓa saye a kan Fam miliyan 35, ya sa hannu a Bordo ta rukuni na huɗu. Sun riƙa karɓar ƙungiyoyin ƙananan garuruwa a wancan ƙaton fili, mutane sama da dubu goma na zuwa wasu wasannin, Ultramarines na bayan raga suna waƙa yadda suka saba. A ƙarshen kakar ba su hau ba.