Fayafayan da ba su hau kanta ba

Duk wanda ya yi sana'ar kaset tsakanin Bata da Kasuwar Sabon Gari ya san ba a cika tambayarmu sunan kundi ba. Mai saye zai tsaya ya rera maka baiti ɗaya, ko ya ce "waƙar nan ta fim ɗin wane", kai kuma ka miƙa hannu ka zaro. Shi ya sa idan ana hirar fayafayan da suka fi burge mutane a wata shekara, nakan zaɓi 2009 da 2010, shekarun da mafi kyawun abin da matasan Kano suka rera bai taɓa zama a kan teburinmu ba.

Sabon Gari ta daɗe da sanin kiɗan da ba na fada ba, ba kuma na biki ba. Tun shekarun 1970 akwai ƙungiyar The Elcados a Kano, masu jita da ganga irin ta Turawa, har kamfanin EMI ya buga musu faifan garmaho, kamfanin da ya buga wa su Shata da Ɗan Maraya Jos. Da kaset ya zo sai ya karya irin waɗannan kamfanoni. Mai rikoda biyu da kwalin kaset marar komai ya zama kamfani shi kaɗai.

Sai fim ya shigo ya cinye kasuwar. A tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya shiga sitidiyon Iyan-Tama, kuma bayan fim ɗin Sangaya a 1999 kusan duk waƙar da za ta yi kasuwa sai ta bi ta cikin fim, namiji da mace suna amsa wa juna, abin da aka riƙa kira nanaye. Yadda cinikin fim yake tafiya shi ne furodusa ya buga kwali, wato bangon kaset mai hoto, ya sayar wa manyan dillalan Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi fim ɗin a kan kaset ɗinsu su zura a ciki. Kwalin shi ne kuɗin. Mu ƙananan 'yan tebur daga wajensu muke sarowa. Yaron da ya zo da waƙarsa tsura, ba fim, ba fuskar jarumi a bango, amsar da yake samu ɗaya ce: "Wa zai saya?" Wanda ya yi sa'a a saye waƙar ɗungurungum a ba shi abin da bai kai kuɗin sitidiyo ba.

A wannan ƙuncin gambarar zamani ta tsiro. Yaran sun ji 'yan Nijar irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia suna hip-hop da Hausa, suka gane ba dole sai da Turanci ba. Su Billy-O, da K-Boys, da Nazir Ahmad Hausawa da aka fi sani da Ziriums, kowa da aljihunsa yake biyan sitidiyo, ya buga 'yan sidi kaɗan ya raba hannu da hannu.

Daga 2007 al'amura suka ƙara tsanani. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ta matsa wa masu fim da mawaƙa. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan faifan Bahaushiya. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi goma sha ɗaya, ciki har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu ta su Aminu Ala, ba a jima ba kuma aka kama Alan kansa. Babu ɗan kasuwar da zai ajiye irin wannan kaya a shago. Amma da yamma, idan an fara rufe rumfuna, za ka ga yaran shago sun haɗa kai, waya biyu a manne da juna, ana jiran Bluetooth ya kammala, wani yana cewa "Kar ka matsa, saura kaɗan." Dattijon da ke faɗan waƙar da rana shi ne zai kira yaronsa gefe ya ce, "Kai, zo ka saka mini ita a memori."

Hasbunallahu ta kama mutane ne don addu'a ce tsantsa, ba a ambaci sunan kowa ba, kowa kuma ya san inda aka dosa. Har yau ina ganin ba a yi waƙar da ta fi ta dabara a wancan zamani ba. Girgiza Kai kuwa fushin saurayi ce a fili, kuma ita ce ta nuna cewa Hausa tana iya hawa kiɗan hip-hop ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Da Ziriums ya fitar da kundinsa This Is Me a 2010, ta intanet ya sake shi, abin da a lokacin ya zo mana baƙo ƙwarai: kundin ɗan Kano, mai Hausa da Turanci a gauraye, wanda mutumin Landan zai iya saya da katin banki, mutumin Fagge kuwa sai dai a tura masa. Shi ne kundin da na fi so a shekarar, kuma raina yana sosuwa idan na tuna yawan waɗanda suka haddace waƙoƙin nan ba tare da ko sisi ya shiga hannun masu su ba.

Masu tura waƙa a kwamfuta su suka gaje mu. Teburi ɗaya, lasifika, da tarin waƙoƙi da ba a san adadinsu ba, a cika maka memori da kuɗi ƙalilan. Kafin gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari, yawancin masu kaset sun riga sun koma sayar da caja da murfin waya. Abin da ya rage na tsofaffin kaset da sidi a wasu rumfunan ya tafi cikin wutar, kuma da yawa daga waƙoƙin yaran nan na farko ba su da wani kwafi sai wanda ya maƙale a tsohuwar wayar wani.