Ganuwar Sungbo da Kurwar Bilkisu

A cikin kurmin da ya kewaye Ijebu-Ode, a Jihar Ogun da wani yanki na Jihar Legas, akwai wata tsohuwar ganuwa mai gwalalo wadda Yarabawa ke kira Eredo. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 160, kuma a wasu wurare, daga ƙasan ramin zuwa kan tudun, ana samun wajen mita 20. Tun farkon ƙarni na 16 Bafotuge Duarte Pacheco Pereira ya ambaci wani gari, Geebu, wanda babban rami ya kewaye.

Mutanen yankin suna cewa wata attajira mai suna Bilikisu Sungbo, wadda ba ta haihu ba, ita ta sa aka haƙa ramin domin kada sunanta ya ɓace. Kabarin da ake dangantawa da ita yana ƙauyen Oke-Eri. An ce ciyawa ba ta tsira a kansa, kuma al'ada ta hana mata da karnuka kusantarsa, abin da ke da ban mamaki tunda mai kabarin mace ce. Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya duk suna ziyartarsa da buƙatunsu, domin a wurinsu kurwarta ba ta bar dajin ba. Wasu ma sun haƙiƙance ita ce Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaimanu (AS).

A nan ne lissafi ya ƙi. Gawayin da Patrick Darling ya sa aka auna a shekarun 1990 ya nuna wajen ƙarni na 9, binciken baya-bayan nan kuwa ya kawo aikin kusan ƙarni na 14 ko na 15. Ko wanne muka ɗauka, tsakaninsa da Sarauniyar Saba akwai fiye da shekara 1,700.

Duk da haka, ba mu ga dalilin yi wa labarin dariya ba. Mu ma duk tsohuwar ganuwa sai mu ce ta Amina ce, duk kufai kuma mu bar wa aljannu. A ganinmu, tsoron mai kabari ya tsare Oke-Eri fiye da takardar hukuma, domin tun 1995 sunan Eredo ya shiga jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO, amma inda tsoron nan bai kai ba, hanyoyin mota da gine-gine sun yanka ganuwar, manoma kuma suna ci mata gefe.