Tiyatar Agara Mai Daɗaɗɗen Ciwo: Bitar Hujjoji Bisa Halin Manoman Sakaba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar abin da likitocin ƙashi suka tabbatar game da yi wa agara tiyata idan ciwonta ya daɗe, sa'an nan ta auna shi da halin manomin Sakaba, cikin masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Abin da ta rinjayar shi ne, wuƙa ba ta wajaba sai jiyya ta gaza, kuma zaɓen lokacinta sharaɗi ne na nasararta.

Asalin illar

Agara, wadda ta haɗa naman sharaɓa da ƙashin dunduniya, ita ce mafi ƙarfi cikin jijiyoyin ɗan Adam. Amma duk da wannan ƙarfi, akwai yanki nata, kimanin santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, inda jini ke ƙaranci, kuma a nan ne galibi zarenta ke lalacewa, ta yi kauri, har mai ita ya tashi da asuba ya kasa taka ƙasa sai ya ɗan zazzaga. Akwai kuma nau'i na biyu na ciwon, wanda yakan kama daidai inda ta manne wa ƙashi, sau da yawa tare da tsiron ƙashin da Patrick Haglund na ƙasar Suwidin ya siffanta a 1928.

Hujjojin tiyata

A 1998 Håkan Alfredson ya sa majiyyata 15 motsa jiki na sauke dunduniya a hankali daga bakin matakala, sau 180 kullum har mako 12, dukkansu suka koma gudu ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Tun daga nan ya zama kusan ijma'in likitoci cewa ba a maganar tiyata sai an cika wata 6 ana jiyya ba sauƙi. Idan larura ta kai, likita yakan tsaga bayan ƙafa ya kankare ruɓaɓɓen zare, ya goge tsiron ƙashi in akwai, kuma idan abin da aka cire ya haura rabin agarar, sai ya aro jijiyar da ke lanƙwasa babban yatsan ƙafa ya ƙarfafa ta da ita, bisa tafarkin da Wapner ya bayyana a 1993.

Sai dai fa fatar wurin siririya ce, ba ta da naman da zai rufa mata asiri. Paavola da abokansa a ƙasar Finlan sun bi diddigin majiyyata 432, suka wallafa a 2000 cewa kashi 11 cikin 100 sun gamu da matsala bayan aiki, mafi yawanta ta warkewar rauni ce.

Tattaunawa

To, idan haka lamarin yake a ƙasar da majiyyaci ke komawa gida cikin mota ya miƙe ƙafa bisa kujera, ina ga manomin Dirin Daji da ke Sakaba, wanda abincin iyalinsa ke rataye a kan dawar da zai yi wa huɗa da garma, wanda kuma, kafin ya kai ga ƙwararren likitan ƙashi, sai ya yi doguwar tafiya zuwa Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a Kano a 1959? Ƙafar za ta yi makonni a ɗaure, cikakken ƙarfinta kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara, alhali taɓon damina da raunin da bai rufe ba ba su ga maciji. Haka nan tsagar wanzami da lalas, ko da yake Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya ba ƙuna babban matsayi cikin Kitabut Tasrif, a wannan gurbi tabo kawai suke bari inda likita zai bi.

Wajibi ne kuma ma'aikacin asibiti ya tambayi mai ciwon ko ya sha maganin ciprofloxacin, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi a 2008 cewa yana iya tsinke agara, kuma ya guji yi wa jijiyar allurar sitiroyid.

Hukuncin wannan maƙala shi ne a fara koya wa majiyyaci motsin Alfredson, wanda ba ya bukatar kome sai dakalin ƙofar gida. Wanda ya cika wata 6 bai samu sauƙi ba, a sa ranar aikinsa bayan kaka, cikin Disamba, domin ya samu rani duka na jiyya kafin shuka.