Haraji

haraji (suna, namiji; daga Larabci, kharaj). Kuɗin da hukuma ke karɓa dole daga abin da mutum ya samu. A da dagatai ke bi gida-gida suna karɓarsa, na shanu kuwa jangali ne. Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke waɗannan biyun bayan hawansu mulki a 1979.

Yau nauyin karɓar haraji yana wuyan mai sana'a. Mai gidan burodi shi zai cire harajin ma'aikatansa daga albashi, ya miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha zuwa 10 ga wata mai kamawa. Daga 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, sauƙi babba ga yaron da ke kwana yana murza kwaɓi.